Neman shawara: in ci gaba da kwanan tanti ko in sayi ɗakin nan mai taya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bunkure, sana'ata casar shinkafa da alkama da inji. Aikin ba na zaman gida ba ne. Alkama na nuna a watan Maris mun fita, mu gama da Kadawa da Kura mu gangara Auyo da Kafin Hausa, kafin mu juyo shinkafar rani ta iso, a Oktoba kuma ga ta damina. A shekara nakan yi wata huɗu zuwa biyar ba a kan gadona ba. Ni da yarana uku muke tafiya, kuma a gindin inji muke kwana, don wanda ya bar inji shi kaɗai a fadama ya san abin da zai tarar da safe.

Shekara shida ke nan muna kwana a tanti. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi mini rana. Amma yanzu na ba hamsin baya, bayana ya fara ƙorafi, sai na yi minti goma ina miƙa kafin in iya tsayuwar sallar asuba. Bara a Auyo iskar farkon damina ta tuge shi da tsakar dare, muka kwana a jiƙe a cikin mota. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wata safiya muna naɗe tabarma muka tarar da kububuwa a ƙarƙashinta, daidai inda ƙaramin yarona yake sa kai.

To makon jiya na shiga Kano sayen bel, na ga wani abu a wurin masu kayan Beljiyam. Tirela ce 'yar ƙarama kamar akwati a kan taya biyu, tsayinta bai kai ƙirjina ba. Mai ita ya sa hannu ya dinga juyawa, rufin ya tashi sama, ya jawo gado ta gaba ya jawo ta baya, bangon tamfol ya miƙe, ga raga ta sauro a tagogi, ga ɗan teburi da murhun gas. Wallahi na tsaya baki buɗe. Ya ce daga Amurka ta zo. Kuɗin da ya faɗa ya kai na bijimai biyu na huɗa. Motata tsohuwar Hilux ce. Ina da kuɗin, amma su ne nake tarawa don sauya injin da ke juya na'urar. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya ba ni shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Wani bakanike daga Wudil:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tambaya ɗaya: injin casar, ɗaukarsa kake a bayan mota ko ja?

Mai tambaya:
Ja nake yi, Oga. Yana da tayoyinsa. Bayan motar kuma durom ɗin gas ne da tamfol da buhuna da yaran.

Bakaniken Wudil:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Mota ɗaya, ƙugiya ɗaya, abin ja biyu. Duk tashin da za ka yi sai ka yi sawu uku: ka kai inji, ka dawo wayam, ka ɗauko ɗaki. A cikin Kadawa wannan ba komai ba ne. Amma daga Bunkure zuwa Auyo fa, da tsadar man da muke ciki tun 2023? Kuma lokacin da ka koma ɗauko ɗakin, injin yana can a daji. Kada wani ya ce maka a ɗaura ɗaya a bayan ɗaya kamar jirgin ƙasa, ranar da ka taka birki a gangara za ka gane kurenka. Nauyi ba shi ne damuwa ba, Hilux za ta ja ta ko a jikinta. Sawun ne.

Wani ɗan Haɗeja mazaunin Amurka:
Kawu, na taɓa mallakar irinta shekara uku kafin in sayar, bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Daɗin kwana kam akwai. Kana sama da ƙasa kusan mita guda, katifa a ƙarƙashinka, iska na shiga ta ko'ina, ruwan sama na dukan rufi mai tauri a tsakiya, saman gadajen ne kawai tamfol. Wanda ya kwana a ciki sau ɗaya ba ya son komawa tabarma.

Amma ka san don wa aka ƙera ta. Mutanen nan suna fita da ita ne hutun ƙarshen mako a lokacin zafinsu, sau biyar ko shida a shekara, su ja ta a kan kwalta har wurin da aka share aka daidaita ƙasa, ga turken lantarki ga famfo. Sauran watanni tana ajiye a rufe. Kai kuma wata biyar za ka yi a cikinta, a ƙurar casa.

In za ka koma dubawa, ga inda za ka sa ido. Rufin nan ginshiƙai huɗu ne ke ɗaga shi, kuma wayoyin ƙarfe ne ke jan su ta ƙarƙashi a kan 'yan ƙananan tayoyi masu juyawa. Waya ɗaya ta tsinke, kusurwa ɗaya ta zauna, shi ke nan ba ɗaki. Ka sa ya ɗaga ya sauke sau uku a gabanka, ka saurari ƙara, ka ga ko kusurwoyin na tashi tare. Ka taka daɓen ko'ina da dunduniya, musamman bakin ƙofa da kusurwoyi, katako ne, in ya yi laushi ruwa ya daɗe yana shiga. Ka shinshina tamfol ɗin. In an taɓa naɗe shi a jiƙe zai yi baƙin ɗigo-ɗigo da warin ruma, kuma wannan ba ya fita. A jikin taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar tirela ba ta suɗewa, tsufa take yi ta tsattsage, don haka kada zanenta ya ruɗe ka.

Wutar cikinta ta Amurka ce, bolt 120, tamu kuwa 230. Ka jona mata janareta kai tsaye ka ƙone komai. Fitilun ciki dai na batir ne mai bolt 12, waɗannan sola ƙarama ta ishe su. Bakin tukunyar gas ɗinsu ma ba irin namu ba ne, sai an sauya. Sannan ƙwallon ƙugiya: nasu yawanci inci 2 ne, na Turai milimita 50, a ido kamar ɗaya suke amma na Amurka ya ɗan fi. Ka tabbatar ƙwallon da bakin tirelar gida ɗaya suka fito, ka kuma ɗaura sarƙoƙin nan biyu kullum.

Wani mai haƙar rijiyar burtsatse daga Ringim:
Ni kam ban yarda da masu sanyaya masa gwiwa ba. Mu da muke kwanan daji mu muka san abin da ake nufi. Mutum ya wuni yana shaƙar ƙaiƙayi, dare ya yi ya kwanta a kan hoge, sauro na fadama kuwa ba irin na gari ba ne. Ku lissafa mini kwanakin da zazzaɓi ke kayar da shi a tsakiyar kaka, inji na tsaye manoma na jira. Ku lissafa kuɗin allurar maganin dafin maciji, in ma an same ta a kusa, wasu sai an kai su har Kaltungo. Maganar sawu uku kuma ba kullum ba ce. Ya kafa ta wuri ɗaya a tsakiyar yankin da yake aiki, ya yi sati uku, injin ne ke zagaye. Alhaji, jiki ba ya da sifiya. In kayan na da lafiya, saya.

Bakaniken Wudil:
Malam na Ringim, in ya kafa ta wuri ɗaya inji na zagaye, wa zai kwana a gindin injin? Ai dalilin kwanan dajin ke nan tun farko. Sai dai ya kwana a ɗaki yara su koma tanti, an dawo gidan jiya. Kuma ka taɓa leƙa ƙarƙashin irin tirelar nan? Tayar inci 12 ko 13 ce, cikinta na kusa da ƙasa. A burji za ta tafi a hankali. A hanyar cikin fangali, inda tarakta ta yanka rami biyu ta bar tudu a tsakiya, cikinta ne zai zauna. Boris ɗinta ƙanana ne, suna juyi da sauri, in ƙura da ruwa suka shiga ba a sa giris ba, sai dai ka ga tayarka ta wuce ka a hanya.

Mai burtsatse:
Ai ba a rasa mai ɗaga ta a Ƙofar Ruwa. A sauya mata gatari da manyan tayoyi.

Bakaniken Wudil:
Za a iya. Sai ka ƙara rabin sa a kan bijimai biyun.

Wata Hajiya mai turara shinkafa a Kura:
Alhaji, ku maza kuna ta maganar taya, ba wanda ya tambayi inda za ta zauna sauran wata bakwai. A ƙauye, a ajiye akwatin katako da katifa da tamfol a rufe tun Yuni har Satumba? Gara da ɓeraye za su yi maka godiya. Buhun shinkafa ma sai mun ɗora a kan katako muna dubawa kullum. Sai ka yi mata rumfar kwano da daɓen siminti, wannan ma kuɗi ne. Na biyu, uwargida ta san da maganar? Ba tsokana nake ba. Kuɗin inji ne, shi ke ciyar da gidan. In injin ya tsaya a tsakiyar alkama, ba za a casa da ɗakin kwana ba.

Wani matashi daga Gujungu:
Baba ka saya kawai, ranar da ba casa ka kawo ta kasuwar Lahadi mu dinga karɓar naira ɗari ɗari na kallo. Kafin shekara kuɗinka ya fito.

Wani dattijo daga Miga:
Yaro ya yi wasa amma ya taɓo gaskiya. Ɗana, abin da ke tara 'yan kallo da rana yana tara wasu da dare. Yanzu wanda ya hango tantinka cewa zai yi leburori ne. Ranar da aka ga ɗaki irin na Turawa a bakin fadama, an san mai kuɗin casa yana ciki, kuma bangon tamfol ne, reza ta ishe shi. Ban ce ka ji tsoro ba, Allah ne mai tsarewa, amma ka sa a lissafi.

Sannan yaran nan naka, cikin su akwai ɗan cikinka, akwai na hannu. Ba za su sake su miƙe ƙafa a ɗaki ɗaya da kai ba, kai ma ba za ka sake ba. Ƙarshenta kai kaɗai a gado biyu, su suna ƙasa inda kububuwar take. Mu da muka yi zamanin ci-rani, duk garin da muka sauka mai unguwa muke fara gaisarwa, a ba mu soro. Har gobe ba a daina ba a ƙasar Haɗeja. Ku raba kwana: biyu a soro, biyu a gindin inji.

Wani mai walda daga Garun Malam:
Yallaɓai, na karanta bayaninka sau biyu. Ciwon baya, maciji, ruwa ta ƙasa, duk abu ɗaya ne: ƙasa kake kwana. Iska ce kaɗai daban. Gado huɗu na bututun ƙarfe masu naɗewa, tsayin gwiwa, kowanne da sandunan rataya gidan sauro, da katifa mai kauri ɗaya taka, ba za su ci ko kuɗin tunkiya biyu ba. Iskar kuma turaku ne matsalar. Waɗannan 'yan siraran da ke zuwa da tanti ba sa riƙe laka in ta jiƙa. A yanka maka rodi mai kauri tsawon kamu biyu, a lanƙwasa kai, ka kafa a karkace, ka juya bayan tantin gabas, tunda daga can hadarinmu ke tasowa. In kana son hawa sama sosai, a yi wa Hilux ɗin firam a kan bodi, a shimfiɗa katako, a yi rumfar tamfol mai buɗewa gefe. Kaya a ƙasa, kai a sama, ƙugiya kuma ta inji ce ita kaɗai. Ba talla nake ba, kowane mai walda a Kura zai yi maka.

Ɗan Haɗeja mazaunin Amurka:
Abin da Malam mai walda ya faɗa, a nan ma ana sayar da irinsa, tanti a kan rufin mota, kuma masu shiga daji sosai shi suka fi so. Abu ɗaya na manta: zafi. A Afrilu, rana ta haura digiri 40, cikin tirelar nan tanda ne har bayan isha'i in ba a inuwa take ba. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kan wasu kuma sola ƙarama ba ta tayar da ita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na koma da bakanikena. Rufin ya tashi lafiya sau biyu, a na uku kusurwar baya ta hagu ta tsaya sai da aka tallafa mata da hannu. Daɓen bakin ƙofa ya ɗan lotsa. Lambar taya ta ƙare da 14. Da na nuna masa, mai kayan ya sauko da kuɗin sosai ba tare da na taya ba, ya ce in kawo wani abu kafin Juma'a don akwai mai so. Ban ba shi ko sisi ba. Hajiya, uwargida ta ji, kuma bakinku ɗaya. Baba na Miga, maganar yaran ta shige ni, ban taɓa kawo ta a raina ba.

Gaskiya har yanzu in na tuna yadda rufin nan ke tashi sai raina ya biya. Amma alkama saura sati biyar. Malam mai walda, gadajen nan huɗu kwana nawa za su ɗauka, kuma bututu mai kaurin nawa zan ce a sa? Ni mutum ne mai jiki.

Mai walda:
Kwana uku in akwai wuta. Naka a sa inci ɗaya mai kauri, a ƙara ƙafa biyu a tsakiya. Na yaran uku bisa huɗu na inci ya isa. Ka zo da katifar a auna a kanta.