Abin da muka tsayar kan maganar ruwan Zariya

Jiya bayan la'asar an tafka muhawara a majalisarmu kan aikin ruwa, wasu na cewa kuɗin da aka narkar a dam ɗin Galma da matatar Shika mai lita miliyan 150 a rana ya isa a ce Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni kowa na samun ruwa a famfo, wasu kuma suka ce ai alam da kulorin da dizal duk sun tashi, ga wuta ba tsayayya ba, injin bai turo ruwa sai da ita.

Shawarar da ta fi ƙarfi, kuma ni ma ita nake goyon baya, ita ce unguwa ta haɗu ta rubuta takarda ta hannun mai unguwa da kansila, a nemi a bayyana nawa aka kashe, nawa ne bashi. Surutu a shayi ba ya gyara bututu. Wanda ruwa ke zuwa masa ya biya bil amma ya karɓi rasit, bututu in ya fashe a kai rahoto da wuri. Masu sayen na 'yan garuwa kuma don Allah a tafasa kafin yara su sha, musamman da damina.