Ƙarfen ƙofa ya miƙe bayan bugun bodi, yaya ake tsuke shi?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum, iyayen gida. An fitar da lotsawar ƙofar mota, amma tsakiyar ta yi tozo. In an danna da yatsa sai ta faɗa ciki, a saki ta dawo, kamar murfin gwangwani. Ƙarin duka bai hana ba. Mene ne maganinsa?

Oga_Bodi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye gudumar tukuna, dukan ne ya jawo. Kaurin ƙarfen ƙofa bai wuce milimita 0.7 zuwa 0.8 ba. Duk lokacin da guduma ta sauka daidai kan ƙarfen da ka tokare da shi ta baya, ka ji ƙara mai tsami, to matse ƙarfen kake yi yana ƙara faɗi, ba shi da inda za shi sai sama.

Fara da tsukewa ba wuta. Tokare gefen tozon, ba ƙarƙashinsa ba, ka riƙa bugun ƙololuwar a hankali da gudumar katako, kana zagayawa. In miƙewar kaɗan ce, wannan ya isa.

Mai_Walda:
In ta ƙi, sai wuta. Cire kwalin ƙofa, wayoyi da baƙin ƙaron da ke manne a ciki, ka ɗaga gilas ko ka fitar da shi. Kankare fenti. Shafa da tafin hannu ka gano inda ya fi tudu. Sa ƙaramin baki a tocin gas na walda, ka gasa wuri ɗaya mai faɗin santimita 1 zuwa 2 har ya yi ja mai duhu, daƙiƙa kaɗan ne. Zai kumburo. Nan take ka tokare ta baya, ka bugi tsakiyar sau biyu ko uku, sannan ka bi gefe kana koro ƙarfen zuwa tsakiya. Sanyayyen ƙarfen da ke kewaye ya hana mai zafin bazuwa, dole ya haɗiye kansa ya yi kauri. Sai ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma.

Bari ya huce sarai ka sake dannawa kafin ka ƙara wani. Masu jera wuta biyar a tare su ne ke wayar gari da rami, ƙofa ta karkace.

Baba_Fanabita:
Malam Mai_Walda, ka bar abu ɗaya. Kada tsumma ya taɓa wurin yana ja, a jira jan ya mutu. In ba haka ba ƙarfen ya yi tauri, fayil ɗin goge ƙarfe ba ya cinsa, wani lokaci har ya tsage.

Yaro, sa maganaɗisu tukuna. In bai kama ba alminiyam ne, ba ya yin ja, narkewa kawai yake yi a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius. Ginshiƙan ƙofa da shasi kuma ba a gasa su, zafi na kashe musu ƙarfi. Bayan ka gama, shafa firaima, wato fentin farko, ta ciki, don wuta ta cinye abin da ke hana tsatsa, in ba ka shafa ba tsatsa za ta ci wurin.