Wai "brisk walking" me za mu kira shi da Hausa ne?

Jama'a a taimaka da kalma. Likitoci na yawan ce wa masu hawan jini da masu suga su riƙa yin brisk walking, mu kuma sai mu fassara wa iyayenmu da "tafiya", shikenan Baba ya ce ai kullum yana takawa masallaci, alhali takun nan nasa na ƙasaita ne, ga carbi a hannu ga gaisawa da duk wanda ya gani, zuciya ko gezau ba ta yi ba.

Abin da ake nufi shi ne tafiyar da za ta sa bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya ɗan yi sama, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Wajen taku 100 a minti ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a sati na irin wannan motsi, wato minti 30 sau biyar, har da waɗanda suka haura shekara 65. Kuma ba sabon zance ba ne, tun 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya gano kwandastocin bas mai bene a Landan masu hawa da sauka benen ba su kai direbobin da ke zaune ciwon zuciya ba.

Da na tambayi mutane, wasu sun kawo tattaki. A'a gaskiya, tattaki nisa yake nunawa ba sauri ba, mutum zai yi tattaki yana jan ƙafa.

Sassarfa ta fi samun ƙuri'a amma ni ina tsoronta, sassarfa ai ɗan gudu-gudu ne irin wanda maza ke yi tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa, ka ce wa Hajiya mai ciwon gwiwa ta yi sassarfa ka ga ta watsar da maganar gaba ɗaya.

Wani ya ce "tafiyar cim ma raka'a", mun sha dariya, sai wani malami ya tunatar da mu cewa an hana gaggawa zuwa salla, da natsuwa ake zuwa. Allah Ya saka, Malam, mun janye.

Ni dai na tsaya kan tafiyar ɗaga ƙafa, don duk tsohon da ka ce wa "Baba a ɗaga ƙafa" ya san sauri ake nufi ba gudu ba. Na san ɗaga ƙafa na nufin sassauci ma, amma da "tafiyar" a gaba ba mai ruɗewa. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku haka kuke faɗa ko kuna da taku?