Muhawara: Shin dole ne gidajen kareti na salon Shotokan su karɓi baƙin bel ɗin juna?

Nasiru: Assalamu alaikum manyanmu da 'yan'uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a wuya tun shekaranjiya. Shekara bakwai na yi ina horo a Zariya, na ci jarrabawar shodan, wato matakin farko na baƙin bel, a gaban malamai uku, takardata tana nan. Aiki ya dawo da ni Kano, na nemi dojo, wato gidan horo, kusa da gida. Na gaida malamin, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ba tamu ba ce." Wai in ina son shiga sahu sai in ɗaura farin bel in koma ƙarshen layi. Na ɗaura. Na tsaya bayan wani yaro da bai wuce shekara tara ba, muka yi Heian Shodan, kata ɗin (wato tsararren jerin motsi) da ni kaina nake koya wa yara. Maganata ita ce, Shotokan ɗaya ne, Funakoshi da ya assasa shi ɗaya ne. Duk wanda ya ci dan, wato matakin baƙin bel, a wani gida, dole sauran gidaje su karɓa ba tare da sharaɗi ba. In ba a yi haka ba, haɗin kan da muke ta faɗa a baki ya tsaya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Wallahi raina ya ɓaci, Nasiru. Ina bayanka ɗari bisa ɗari. An taɓa yi wa wata yarinyata haka bayan ta yi aure ta bar Kaduna, daga ranar ba ta ƙara sa kayan kareti ba.

Sensei Garba: Nasiru ɗana, ka yi haƙuri. Yadda aka yi maka ba daidai ba ne, baƙo yana da hakki ko da bai iya komai ba. Amma kalmar "dole" da ka sa, ita ce ban yarda da ita ba. Bel ijaza ce. Malamin da ya ba ka, cewa yake yi na zauna da yaron nan, na ga aikinsa, na tsaya masa. To ni da ban taɓa ganin ƙafarka a ƙasa ba, ta yaya za a tilasta ni in tsaya maka? Kuma batun Shotokan ɗaya ne, a baki kam ɗaya ne. Funakoshi ya zo Tokyo daga Okinawa a 1922, almajiransa suka kafa ƙungiyar kareti ta Japan, JKA, a 1949. Da ya rasu a 1957, tun a kan shirin jana'izarsa aka samu saɓani tsakanin JKA da mutanen Shotokai, wani ɓangare na almajiransa, waɗanda ba su yarda da gasa ba sam. Kanazawa, ɗaya daga cikin manyan malamanta, ya rabu da JKA a 1977 ya kafa tasa ƙungiyar, SKIF. Da Nakayama, babban malamin JKA, ya rasu a 1987, ita kanta JKA ta dare gida biyu, aka yi ta shari'a a kotu kan wa ke da sunan, ba a gama ba sai 1999. Ɓangaren da bai yi nasara ba, babban malaminsu Asai ya fita da mutanensa ya kafa ƙungiyar JKS. Kowane gida ya tafi da manhajarsa. Tsagewar nan a can Japan ta faru, mu gado muka yi.

Hajiya Rabi: Sensei, ranka ya daɗe, ai ka kawo hujjar da take tare da mu. Wace rigima ce a cikin waɗannan aka yi a kan yadda ake naushi? Gadon kujera ne da suna da kuɗin rajista. Me ya haɗa yaron Zariya da shari'ar da aka yi a kotun Tokyo tun kafin a haife shi?

Sensei Garba: Hajiya, ba duka ba. Rigimar Shotokai a kan aƙida ce, jagoransu Egami ya sauya har yadda ake sakin naushi. Kuma ko da kujera ce ta raba mutane, bayan shekara talatin ko arba'in hannu ya riga ya saba da abu daban.

Malam Isuhu: Salama daga Maraɗi. Bari in ba da shaida a kan abin da Sensei ya faɗa, don a gabana aka yi. Mun je wata ƙaramar gasa, yarona ya shiga fili ya ɗaga murya ya faɗi sunan kata ɗin da zai yi, ya ce Gojushiho Sho. Ya fara ke nan sai na ga alƙalai biyu suna kallon juna. Ya gama kata ɗinsa tsaf, ko tangarɗa babu, aka ce ya kira sunan wani ya yi wani. Ni da na koya masa na san bai yi kuskure ba. Abin da mutanen Kanazawa suke kira Gojushiho Sho shi ne 'yan JKA suke kira Gojushiho Dai, sunayen a juye suke. Yaron ya zauna a gefe ya rufe fuska da tawul, na rasa abin da zan ce masa. Ga kuma mutanen Asai da kata ɗinsu na Junro guda biyar da wasu gidajen ba su taɓa yi ba, ga SKIF da jerin kumite (wato karawa da abokin horo) mai lamba wanda sai ka haddace shi za ka ci jarrabawa. Saboda haka bambancin gaskiya ne. Sai dai ni darasin da na ɗauka daban yake da na Sensei. Da alƙalan nan sun taɓa yin horo da mu ko sau ɗaya, da sun san da juyin sunan nan. Rashin sanin juna ne ya ci yarona, ba bambancin ba.

Nasiru: Malam Isuhu, to in haka ne a haɗe manhajar mana. A zauna a fitar da guda ɗaya, jarrabawa ɗaya, takarda ɗaya.

Malam Isuhu: Wa zai saki tasa, ƙanena? Duk wanda ka ce ya bari, cewa zai yi ka zagi malaminsa.

Ɗanladi: Ina biye da ku, sai yanzu na samu sarari. Ni alƙalanci nake yi, kuma daga kujerar da nake zama abin yana da wata fuska. A gasar WKF, hukumar kareti ta duniya, babu wanda ke shiga da bel ɗinsa, ɗaya ja ɗaya shuɗi, shi ke nan. Ba na tambayar wa ya ba ka dan. Ƙugunka nake kallo, da numfashinka, da inda idonka yake. Amma abin da nake son kawowa daga Okinawa ne, tushen abin. A ranar 25 ga Oktoba 1936 manyan malaman tsibirin suka zauna wuri ɗaya a Naha, babban birninsa, akwai Miyagi mai salon Goju-ryu, akwai Kyan, da Motobu, da Chibana, da Hanashiro. Mutanen da kowa ke ji da kansa. Ba su tashi da ƙungiya ɗaya ba, ba wanda ya bar salonsa. Bayan 'yan shekaru gwamnan Okinawa ya nemi a samar da kata na bai ɗaya saboda 'yan makaranta, Nagamine ya tsara ɗaya, Miyagi ya kawo ɗaya, su ne Fukyugata na ɗaya da na biyu. Ƙaramin abu ne, kata biyu kacal, amma har yau shi ne wurin da gidaje suke haɗuwa. A 2016 mutum kusan 4,000 suka cika babban titin Naha suna yin kata tare. A 2008 manyan ƙungiyoyin tsibirin guda huɗu suka shiga inuwa ɗaya, kowacce tana riƙe da jarrabawarta, a 2017 aka buɗe babban zauren kareti a Tomigusuku wanda kowa ke shiga. Waɗannan fa salo daban-daban ne, Shorin da Goju da Uechi. Mu da muke da kata irin su Heian biyar da Tekki da Bassai Dai da Kanku Dai iri ɗaya, me zai hana mu?

Hajiya Rabi: Malam Ɗanladi, labarin ya yi daɗi, amma ka kauce wa tambayar. Gobe Nasiru zai koma dojon nan. Wane bel zai ɗaura?

Ɗanladi: Baƙi, Hajiya. A matsayin baƙo mai daraja, a sahun masu baƙin bel. Abin da na raba shi ne ɗaura bel da rubuta suna a littafin ƙungiya. Na farko ladabi ne, kowa zai iya yi yau. Na biyu yana buƙatar a ga aikinsa.

Abban Khalid: Ku gafarce ni, ni ba ɗan wasa ba ne, uba ne mai biya. Yarana biyu suna yi. Kowace jarrabawa da kuɗinta, kowace takarda da kuɗinta, ta waje kuma da dala ake lissafi. In aka ce duk wanda ya sauya gari sai ya sake daga farko, mu iyaye ne za mu sake biya daga farko. Da yawa daga cikinmu sai mu ce wa yaro ya koma ƙwallo. Ina roƙon malamai su sa wannan a lissafi.

Sensei Garba: Abban Khalid, maganarka tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye ba, akwai masu cin abinci da rarrabuwar nan. Amma kuɗin nan da ka ambata shi ne ya sa nake tsoron "ba sharaɗi". Na taɓa karɓar wani da takardar sandan, dan na uku ke nan, da tambari mai ƙyalli da rubutun Japan. Na ce ya tsaya kokutsu-dachi, tsayuwar da ake ɗora nauyi a ƙafar baya. Nauyinsa duk yana ƙafar gaba, gwiwar baya ta faɗa ciki. Na ce ya yi Tekki Shodan, ya tsaya a tsakiya yana kallon rufi. Da na binciko, kwas ɗin kwana uku ya je aka ba shi. Da dokar Nasiru tana aiki, da sai in miƙa wa wannan mutumin yaran mutane ya lalata musu gwiwa. Ranar da aka ce kowace takarda tana shiga ko'ina, masu sayar da takarda ne za su fi kowa murna, kuma taka ta gumi za ta zama daidai da tasu, Nasiru.

Nasiru: Sensei, na ji wannan, kuma ya shige ni. Amma kai ka gwada shi kafin ka yanke hukunci. Ni ba a gwada ni ba. Tambarin kawai aka duba.

Sensei Garba: Nan kam ba ni da ta cewa. Wanda ya ƙi ka saboda tambari da wanda ya karɓe ka saboda tambari, duk takarda suka kalla suka bar mutum.

Hajiya Rabi: To ni har yanzu ban sauka ba. Gwajin nan a hannun wa zai kasance? In malamin gida shi kaɗai ne zai gwada, wanda ya ƙi Nasiru jiya zai kayar da shi gobe, ya ce ai an gwada. Mata kuma sun fi shan wahala, don su ne aure ke ɗauka daga gari zuwa gari. Kuma kada mu manta abin da rabuwa ta jawo a sama. Shekaru aka kwashe ana jan igiya tsakanin ƙungiyar Nishiyama, wani almajirin Funakoshi, da wadda ta zama WKF kan wa ke wakiltar kareti a duniya, kwamitin Olamfik bai tabbatar da WKF ba sai 1999. Aka samu shiga sau ɗaya a Tokyo a 2021, 'yar Masar Feryal Abdelaziz ta ɗauko zinare muna ta murna, a Paris 2024 kuma babu mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗanladi: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Shawarata, mai gwaji kada ya zama mutum ɗaya. Malamai uku daga gidaje uku, a kan kata ɗin da kowa ya yarda da su kawai, Heian da Tekki Shodan da Bassai Dai, sai kumite. Ba jarrabawa ba ce, ba kuɗi, ba sabuwar takarda. Abin da ya keɓanta da gida, kamar Junro, sai mutum ya koya a hankali da baƙin bel ɗinsa a ƙugu.

Malam Isuhu: Kafin a kai ga zaman malamai ukun nan, a fara da gumi. Horo na haɗin gwiwa ko da sau ɗaya a wata uku, kowane malami ya ja sa'a ɗaya, sauran su shiga sahu a matsayin ɗalibai. Malamin da ya taɓa tsayawa a layi a gaban ɗan'uwansa, da wuya ya wulaƙanta almajirinsa. In an sa rana ni zan shigo ta Jibiya da yara huɗu.

Hajiya Rabi: Zan zo, amma ku rubuta cewa ni a kan bakana nake, shodan shodan ne ko daga ina ya fito. Kuma a tanadi wurin sauya kaya na mata tun yanzu, kada mu zo a fara neman ɗaki.

Sensei Garba: Za a tanada. Nasiru, turo mini lambar malamin nan ta gefe, kada ka sa sunansa a nan. Ina jin na san shi, in shi ne mun yi horo tare muna samari. Zan kira shi bayan la'asar in gayyace shi ya ja sa'ar farko. Kai kuma ranar Asabar da safe ka zo wurina da baƙin bel ɗinka, ina son ganin Bassai Dai ɗinka.

Nasiru: In sha Allahu, Sensei. Ƙarfe nawa kuke farawa?