Shin salon haruffan Futura ya dace da allon makaranta da littafin yara?

Hajiya Binta, Daura:
Assalamu alaikum. Muna shirin yin sabon allo a ƙofar makarantarmu, tare da buga ɗan littafin koyon karatun Hausa na 'yan aji ɗaya, sai mai tsara mana aikin a kwamfuta ya ba da shawarar a yi amfani da Futura a duka biyun. Ina neman ra'ayin masu sana'ar ɗab'i kafin mu biya kuɗin bugu.

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A kan allo dai shawararsa ta yi daidai. Paul Renner ne ya zana Futura a Jamus, aka fitar da shi a 1927, kuma ya gina haruffan a kan da'ira da miƙaƙƙen layi da alwatika, ba tare da 'yan ƙafafun da ake gani a ƙarshen haruffan Times New Roman ba. Shi ya sa O ɗinsa ya kusa zama cikakkiyar da'ira, kaurin layin kuma kusan ɗaya ne ko'ina, abin da ke sa mai wucewa a kan babur ya karanta manyan baƙaƙen daga nesa, mai yanka sitika kuma ya sami sauƙin aiki. Da shi aka rubuta allon da 'yan sama-jannatin Amurka suka bari a duniyar wata a 1969.

Littafin ne nake da ja a kansa. Ƙaramin a na Futura da'ira ce da sanda a gefe, saboda haka idan an ƙanƙanta rubutu, ko tawada ta ɗan bazu a takarda mai arha, yana kama da o sosai, ga shi kuwa da wuya a sami layin Hausa da a ba ta cika shi ba.

Malam Lawal, Katsina:
Ina goyon bayan Malam Kabir, sai dai akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wato haruffa masu lanƙwasa. Salo da yawa na irin wannan zubi ba su da ɓ, ɗ da ƙ, kuma idan babu su, manhaja takan aro su daga wani salo daban, sai a ga ƙ siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko kuma akwati ya fito a gurbinsa. Hajiya, ki sa mai tsara muku aikin ya rubuta Ɓ, Ɗ, Ƙ manya da ƙanana a manhajar zane ta CorelDraw, ya buga a takarda ki gani da idonki, domin abin da fuskar kwamfuta ta nuna ba kullum yake fita haka a injin ba. Ga littafin, salon Andika na ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna an zana shi ne musamman don masu koyon karatu, yana da haruffanmu duka, kuma kyauta ne. Noto Sans na Google ma yana da su.

Hajiya Binta, Daura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Sunan makarantar ma akwai Ɗ a cikinsa, don haka gobe zan sa a fara gwada allon, littafin kuma a buga shafi ɗaya da Andika mu ba yaran su karanta.