Ƙwallon aljihu da ragar da take sauka da kanta: kowa ya faɗi abin da ya gani a fili

Bahagon Gangare:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya same ni ranar Asabar ɗin nan har yanzu yana cina a rai, na ce bari in kawo nan ko akwai wanda ya taɓa gamuwa da irinsa. Mun fito tenis da sassafe bayan asuba, kun dai san sanyin Jos na wannan lokacin, hannu ma da ƙyar yake riƙe raket, ni da wani da muka fi shekara uku muna bugawa tare, ba zan faɗi sunansa ba balle filin. Ƙwallo uku muka zuba, na satin da ya wuce, duk sun sha sanyi sun mutu, ka doka ta a ƙasa da ƙyar ta kawo maka gwiwa. To duk sanda sabis, wato bugun fara wasa, ya zo hannunsa sai in ga ƙwallo tana tashi tana wuce kafaɗata, in ya dawo hannuna kuma sai ta koma kamar dafaffen dankali. Na ɗauka ranarsa ce kawai. Sai a set na biyu, wato kashi na biyu na wasan, da na riga shi tsintar wata da ta gangaro gefena, na ji ta da tauri da ɗan ɗumi, na duba lambar jikinta ba irin ta sauran ba ce. Ashe mutumina ta huɗu ya zo da ita sabuwa fil tana cikin aljihun ciki, in zai yi sabis ya zaro ta, an gama ya yi wuf ya ɗauke, shi ya sa yake ta ce min bar shi bar shi zan ɗauko. Ban ce komai ba wallahi, kunya ta kama ni kamar ni na yi. Ya cinye ni 6-3, 6-4, ni na biya shayi da ƙwai. Ba shayin ne ya dame ni ba. Ku a ganinku wannan cuta ce ko dabara, kuma da ku ne za ku yi magana?

Ɗan Bukur:
Haba Bahago wannan ai ba sai an tambaya ba, cuta ce tsagwaronta. Amma a bambance abu biyu. Mai sabis ya karɓi ƙwallo uku ya duba ya zaɓi wadda gashinta ya fi kwanciya don ta fi gudu a iska ya mayar da ɗaya, wannan kowa yana yi har manya a talabijin, domin ƙwallayen na kowa ne, kai ma in naka ya zo ka zaɓa. Shi kuwa naka ya shigo da wadda ba ta cikin wasa kuma ya hana ka taɓa ta. Ni na taɓa zuwa da ƙwallo a gaban hitar mota saboda sanyi, amma duka ukun na ɗumama kuma na faɗa kafin mu fara, aka yi dariya aka buga.

Baƙon Abuja:
Ni nawa labarin juye yake, ni ne na zargi mutane a banza kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi. Farkon da aka yi min canjin aiki zuwa Jos na je fili da ƙwarin gwiwata, duk abin da na buga sai ya wuce layi da taku ɗaya ko biyu, irin bugun da a Abuja yake sauka ciki lafiya lau. Na canza raket, haka. Sai na fara zargin ƙwallayen mai gida, na ce masa a gaban mutane Malam me kuka yi wa ƙwallayen nan, kun hura musu iska ne? Bawan Allah bai yi fushi ba, cewa ya yi ɗauko naka. Na buɗe sabon gwangwani da na taho da shi daga Abuja da hannuna, su ma suka riƙa tashi haka. Kowa ya yi shiru, shirun ya fi zagi ciwo. Sai da na yi wajen wata guda kafin hannuna ya saba, kuma na ba shi haƙuri har gida.

Tsohon Malami:
Baƙon Abuja ba kai kaɗai ba ne, duk wanda ya hauro daga ƙasa sai ya yi wannan kuka. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 daga teku, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba. Iskar nan ba ta da kauri, ba ta riƙe ƙwallo, sannan iskar da ke cikin ƙwallon tana samun damar turowa sosai tunda ta waje ta yi sauƙi, sai ta fi tashi. Hukumar tenis ta duniya ITF ma ta san da wannan, ta ware irin ƙwallon da za a iya amfani da shi a wurin da ya haura mita 1,219, wato ƙafa 4,000, mu kuwa muna daidai bakin iyakar nan. Sanyi kuma akasin haka yake yi, yana kwantar da iskar ciki robar ta yi tauri, shi ya sa da asuba ƙwallo take mutuwa da hantsi ta farfaɗo. In ana gardama akwai gwaji: a saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan siminti, lafiyayya takan tashi tsakanin 135 da 147. Mu a nan za ta ɗan ɗara haka in sabuwa ce. Bahago kai kuma ɗana, shirun da ka yi a fili daidai ne a wurina, amma shirun da kake yi yanzu ba daidai ba ne, ka same shi ku biyu.

Tsintau:
Baba Malam ku yi haƙuri in sa baki, ni a fili na tashi, tun ina firamare nake tsintar ƙwallo kafin in fara riƙe raket, abin da idona ya gani ba kaɗan ba ne. Maganar raga ce ba wanda ya taɓo. Akwai wani babban mutum, Allah ya ba shi lafiya, sabis ɗinsa ƙasa-ƙasa yake tafiya kullum yana cin bakin raga, to in ya riga kowa zuwa sai ya kira ni ya ce yaro ragar nan ta yi tsayi sassauta ta, in je in juya hannun ƙarfen nan sau biyu in ja maɗaurin tsakiya ƙasa kamar yatsa biyu, ya ba ni na alewa. Ni a lokacin ban san laifi ba ne, babba ya sa ka aiki ai sai ka yi. Kuma in ka ce masa cuta ce zai ce ai raga ɗaya ce ta kowa, wanda gaskiya ne, sai dai shi ya san an sauke ta abokin wasansa bai sani ba, kuma shi mai bugun miƙe ita take taimako, wanda yake murza ƙwallo ta yi sama ba abin da ta ƙara masa. Ranar da asiri ya tonu ni aka yi wa faɗa, wai yaro ne yake wasa da raga, shi kuwa yana tsaye yana goge fuska da tawul bai ce uffan ba. Wannan ne abin da ban manta ba, ba ragar ba.

Ɗan Bukur:
Tsintau wallahi ka taɓa ni. Kullum a kan yara abin yake ƙarewa.

Tsohon Malami:
Tsakiyar raga ƙafa 3 ne, inci 36, santimita 91 da 'yan kai, wajen sanda kuma ƙafa 3 da rabi. Mu da can da raket muke aunawa, ka tsayar da shi a tsaye inci 27, ka kwantar da kansa a kai ya cike maka ragowar 9, amma wannan na zamanin raket ɗin katako ne mai ƙaramin kai. Na yanzu kansu ya fi faɗi, in ka auna haka raga za ta yi tsayi, na sha ganin dattijai irina suna ɗaga raga da wannan awon suna rantsuwa daidai take, ba da niyyar cuta ba. Tef ɗin tela ya raba gardama, ni yana cikin jakata shekara da shekaru.

Mai Ɗaurin Igiya:
Ni ɗaurin igiyar raket sana'ata ce don haka bari in faɗi nawa ɓangaren. An taɓa kawo min raket biyu, wanda ya kawo ya ce ɗaya nasa ɗaya na abokinsa ya ba shi saƙo, za su haɗu a ƙaramar gasar da suke yi tsakaninsu ƙarshen wata. Ya ce nasa a ja igiyarsa 55 a ma'aunin tauri kamar kullum, na abokin kuma wai ya ce 45. Na san mai raket ɗin, shekaru ina yi masa, bai taɓa sauka ƙasa da 54 ba, kuma igiya in ta yi sako-sako a garin nan ƙwallo tashi take yi kamar daga gwafa, duk bugunsa waje zai riƙa fita bai san dalili ba. Na ce to bari in kira shi in tabbatar, sai mutumin ya ce a'a bar shi ƙila ni ne ban ji daidai ba, yi masa yadda ka saba. Tun daga ranar duk raket ɗin da na ɗaura ina manna 'yar takarda a wuyansa da lamba da kwanan wata, kuma ba na karɓar lamba daga bakin ɗan aike. Su kuma masu tambayata kan tef ɗin dalma da ake liƙawa a kan raket don ƙara nauyi, wannan halal ne, kayanka ne, manyan 'yan wasa ma suna yi. Ɗan robar nan mai hana girgiza shi ma ba laifi in dai yana wajen inda igiyoyi suka sarƙe, ba a tsakiya ba. Tsawon raket kuma kada ya wuce inci 29.

Sarkin Raha:
Ku fa kun ɗauki abin da zafi, wasan motsa jiki ne ba babbar gasar Wimbledon ta Ingila ba, ba kofi ba kuɗi, in mutum ya yi 'yar dabara ya ci shayi sai me? Mu a rukuninmu har ɓoye wa juna raket muke yi.

Maman 'Yan Biyu:
Sarkin Raha ɓoye raket kowa ya san an yi kuma tare ake dariya, wanda Bahago ya faɗa mutum ɗaya ne yake dariya a cikinsa. Ni matsalata ma ba masu cuta ba ce, masu taimako ne. Mu mata ba mu da yawa a fili, to duk wanda ya zo sai ya ga shi koci ne. Na ajiye raket na je shan ruwa na dawo na tarar wani ya cire min robar igiya wai tana rage min ƙarfi, wata rana kuma wani ya warware naɗin mariƙi ya sake naɗawa ta ɗaya hannun wai haka ya fi, ranar da kumburi na koma gida a tafin hannu. Ba mugunta suka yi ba amma wa ya tambaye su? Na ce masa Yallaɓai da motarku ce zan buɗe in gyara muku kujera ba ku nan? Ya yi dariya amma bai sake ba. Sai kuma aro, na ba wata raket igiya ta tsinke a hannunta ta mayar cikin jaka ta zuge ba ta faɗa ba, sai da na zo wasa na gani. Da ta faɗa wallahi cewa zan yi ta bar shi, igiyar dama ta tsufa.

Tsohon Malami:
Sarkin Raha ko a wurin manyan an yi wannan rigimar. A 1977 aka yi ta, a kan wani irin ɗaurin raket mai ninki biyu da wani Bajamushe Werner Fischer ya ƙirƙiro ana kiransa sufageti, igiyoyin suna zamewa su murza ƙwallo ta yi tsallen da ba a saba gani ba. Ɗan wasan Romaniya Ilie Nastase ya ɗauke shi ya haɗu da Guillermo Vilas na Ajantina a Aix-en-Provence ta Faransa, Vilas da ya jera wasa 46 ba a ci shi ba ya ajiye wasan ya fita bayan set biyu. A lokacin ba dokar da ta hana, daga baya ITF ta haramta. Wancan ma a fili yake kowa yana ganin raket ɗin, ba a aljihu ba. Vilas ɗin nan dai shi ne namu ɗan Najeriya Nduka Odizor ya fitar a zagayen farko na Wimbledon a 1983 har ya kai zagaye na huɗu, da raket irin na kowa.

Bahagon Gangare:
Na gode duka. Baba Malam na bi maganarku, jiya bayan la'asar na same shi a shago mu biyu. Da farko ya ce tsautsayi ne ta haɗu da sauran a jaka, na ce to me ya kai ta aljihun ciki, sai ya yi dariya ya ce kafaɗarsa ce take ciwo matattun ƙwallayen nan suna wahalar da shi kuma ya ga in ya fito da sabuwa ɗaya zan ce ina sauran biyun. Ban san ko in yarda ba, kafaɗar dai da gaske tana damunsa na sani. Mun tsayar kan cewa za mu riƙa haɗa kuɗi mu sayi gwangwani a buɗe a gaban kowa, in an buga sati biyu a ba yara su yi atisaye da su. Ya ce zai biya shayin Asabar, na ce da ƙwai uku. Baba in za ku fito ku taho mana da tef ɗin nan don Allah, tun da Tsintau ya yi magana na fara kallon ragarmu wani iri.

Tsintau:
Ku auna ta kafin kowa ya zo, sannan ku sake aunawa bayan set na farko.