Irin wiwin ƙasashen sanyi: abin da masu barbarar iri suka ba da shawara

Masu barbarar iri sun tattauna kan irin wiwin da ya dace da ƙasashen sanyi. Tattaunawar ta fi tsayawa kan wiwin dajin kudancin Rasha, wanda masanin tsirrai Janischewsky ya bayyana a 1924. Gajere ne, kuma yawan kwanakin da ya yi da tsirowa ke sa shi fure, ba gajartar yini ba. Shi ya sa yake nuna kafin sanyi ya kama shi. Irin Finola na Finland, da ake noma don mai, daga ajiyar cibiyar Vavilov, ma'adanar irin tsirrai ta Rasha, ya fito.

Shawarar da aka fi nanatawa: kada a tsaya kan tsiro kaɗan, domin a wiwi tsiro mace daban, namiji daban, kuma idan iyayen sun yi kaɗan iri kan lalace. A nisanta gonaki don kada iri ya gauraya, domin iska ke kai garin fure nesa. A adana iri a busasshen wuri mai sanyi.

Sai doka: a Tarayyar Turai, THC, sinadarin da ke sa maye, kada ya wuce 0.3 cikin ɗari a wiwin masana'antu da manomi ke samun tallafin Tarayyar a kansa.